Likita Ya Kasa Buɗe Saƙon Yayata

Assalamu alaikum jama'a. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni malamin kwamfuta ne a Sule Tankarkar. Yayata tana sayar da abinci a tashar Gumel, da shi take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Bara aka gano tana ɗauke da cutar da ta kashe shi, irin wadda in aka ji sunanta babu direban da zai sake cin shinkafarta. Ni kaɗai ta faɗa wa.

Likitan da ta yarda da shi an mayar da shi Abuja, ya ce mu riƙa tura masa sakamakon gwaji ta imel. Matsalar ita ce ba shi yake buɗe imel ɗinsa ba, akawunsa ne, kuma ashe akawun ɗan unguwarmu ne, uwarsa ma ƙawar Yaya ce. Na ce to WhatsApp, ya ce ƙaramar waya yake riƙewa, babbar tana hannun akawun.

Sai na kulle saƙon, yadda sai mai kalmar sirri zai karanta, na kira likita na faɗa masa kalmar. Ya kasa buɗewa. Danna nan, rubuta can, har katina ya ƙare. Ƙarshe ya ce marasa lafiya na jiransa, zai ba akawu kalmar ya buɗe masa. Raina ya ɓaci, na ce to me amfanin kullewar, ya ce kada in koya masa aiki, ya kashe waya. Wallahi haushin masu ƙirƙiro hanyar kulle saƙon nan ma nake ji, sai ka ce kowa injiniya ne.

Maganin da Yaya take sha bai karɓe ta ba, likita kuma ba zai canza ba sai ya ga sakamako. Asibitin Gumel kuwa, Yaya ta ce ba za ta taka ba, kowa ya san ta. Ta haɗa ni da Allah kada in tura a buɗe, wai gara ta mutu da a guji 'ya'yanta.

Jiya na same ta tana zuba abinci a zaune, tsayuwa ta gagare ta.

Akwai hanya mai sauƙi da dattijo irin likitan nan zai iya buɗewa da kansa? In babu, in tura a buɗe ba da saninta ba, ko in riƙe mata amana ina kallo tana ƙarewa?