Alkamar da Ta Yi Kore

Isfara, farkon Maris

Zuwa ga ɗiyata Farzona,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da jikata Nilufar. Yaya sanyin Rasha? Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Na ga saƙonki cewa Nilufar ba za ta zo Navruz, bikinmu na sabuwar shekara, ba. Wai ba abin da za ta rasa, tunda kin samo mata shafukan intanet masu koya wa yara bazara da wasa. Har kika turo mini ɗaya don hankalina ya kwanta. Shekaru na yi ina koyar da ilimin tsirrai, Farzona, ke ma a ajina kika zauna kina hamma. Na buɗe shafin. Wani ƙudan zuma mai tabarau ne ke bayani, in yaro ya taɓa fure sai ya tafa masa. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma itacen abirikot ɗin da ke bakin tagar ɗakinta ya fara fure, kuma ba mai kallonsa sai ni.

Na jiƙa alkamar sumanak, kunun tsiron alkaman nan namu na bikin, na rufe ta da ƙyalle mai laima. Kin san ƙaramar gida ce ke jefa tsakuwa cikin tukunya kafin a fara tuƙi. Ba zan niƙa tsiron ba sai na ji daga gare ki.

Mahaifiyarki,
Saodat

Isfara, tsakiyar Maris

Ɗiyata Farzona,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa tarin Nilufar ya lafa.

Hotonta ya iso, tana riƙe da faranti cike da alkama koriya shar, wai sumanak za ta dafa mini. Ƙudan zuma ya ce mata tsiro na son rana, ita kuwa ta kai shi taga. Ke da kika tashi a gindin tukunyata, ba ki iya gaya mata cewa tun yana fari ake niƙa shi ba? In ya yi kore ya zama ɗaci, sai dai ado. Ko ke ma kin manta?

Nilufar ta gayyace ni wani lambu a shafin, wanda mutum biyu ke ba ruwa tare. Kullum da safe in na duba, sai in tarar ta riga ni. Jiya maƙwabciyata Bibi Rajab ta same ni a kai, ta ce, "Malama, naki tsiron na neman wucewa a ɗaki, ke kina nan kina kiwon ƙudan bature?" Na ce mata ƙudan dai ba ya leƙa gidan mutane. Ta yi dariya ta sha shayina ta tafi, gidan ya koma shiru.

Tsiron ya kai gaɓar yatsa. Har yanzu akwai jirgi, Farzona. Ina jira.

Mahaifiyarki,
Saodat

Isfara, kashegarin Navruz

Farzona,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ki shafa mini kan Nilufar.

Amsarki ta zo, guntuwa, kamar ta ofis. Kafin ta zo tawa alkamar ta huda ƙyalle ta yi kore. Bana ba a ɗora tukunya a gidan nan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun ina amarya. Bibi Rajab ta kawo mini kwano daga nata sumanak ɗin, ta ce, "Ci, kada ki cinye mu da baki." Na tsinci tsakuwa a ciki, wadda aka ce duk mai tsintarta buƙatarsa za ta biya. Kin san abin da na roƙa.

Na ɗora farantin alkamata a tebur, na ɗauki hotonsa, na saka a shafin kusa da na Nilufar. Nata ya fi nawa tsawo. Ta rubuto, "Kaka, mun yi daidai!" Kada ki gyara mata. Ni zan gaya mata, da alkama a hannunta, ranar da kika ga damar kawo ta.

Ƙudan ya tafa mini.

Mahaifiyarki,
Saodat