Waƙar Aure da Batir Mai Sanyi

Alhamis, 10 ga Oktoba 1985, goma da rabi na dare, unguwar Romi. Babu wuta tun Talata.

Jibi mawaƙan cocinmu za su rera waƙar Mama Talatu a auren jikarta. Ni aka ba kaset mai muryarta in rubuta waƙar da do-re-mi. Na ƙirga bugun da yatsa a tebur, na koya musu.

Ɗazu muna gwaji Baba Bitrus, shugabanmu, ya tsayar da mu, ya dube ni. “Malam Digiri, aure za a ɗaura ko jana’iza?”

Sai da na dawo gida na gane. Batirin rikoda ne ya yi sanyi, yake jan muryarta. Ita kuwa tana ƙauye sai ranar biki.

Ban san ainihin saurin waƙar ba. Ban san ko gobe kaɗai za ta ishe mu gyara ba. Ban san ko Mama za ta gane waƙarta ba.