Makullin da ke wuyan Mma ba ya buɗe ƙofar kowa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, mutanen Zongon Lome suna shiga nan, kuma kowa ya san kowa. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a zage ni. Zagin ma na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi, shawara nake nema.

Ni magidanci ne, ina sayar da kayan gyaran babur a unguwar Tokoin, yawancin masu sayena 'yan zemijan ne, wato 'yan acaɓa. Mahaifiyata, da muke ce wa Mma, tun da aka kawo ta Lome tana yarinya a gidan haya take. A ɗakin haya ta haife mu, ni da ƙanwata Rabi, a ɗakin haya mahaifinmu ya rasu. Abin da ya bari kawai shi ne rabin fili a bayan Agbalépédo, babu komai a kai sai duwatsun siminti na iyaka. Mma takan hau zemijan ta je ta duba shi, ta cire ciyawa, ta dawo tana cewa a nan za a yi mata wankan gawa in Allah ya yarda. Wannan filin na sayar.

Ga yadda abin ya faru. Wani abokina mai fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ya ja ni wani taro a babban otel na bakin teku. Wasu mutane ne masu kwat da turare suka zo tallan gidajen hutu a wani tsibiri, ƙasar da sai an hau jirgin sama. Suka haska mana bidiyo a bango, ga gidaje farare, ga wurin iyo, ga Turawa kwance a rairayi. Suka ce ka sayi ɗaki biyu da falo, su za su riƙa saka masu yawon shaƙatawa, kai kana Lome kuɗin haya na shigo maka da kuɗin Turai. Mai bayanin yana ta maimaita wata kalma ta Faransanci, “clé en main”, wato makulli a hannu. Kuma duk wanda ya sa hannu a takarda, a nan take ake miƙa masa makulli a cikin wani ɗan akwati mai shuɗin ƙyalle, a tafa masa, a ɗauki hoto. To ku gaya mini, a Zongo idan mai gida ya miƙa maka makulli a gaban shaidu aka shafa fatiha, me ya rage? Ba ɗaki ya zama naka ba? An taɓa ba mutum makullin ɗakin da babu shi? Ni Faransancina na kasuwa ne, na ciniki da faɗa da 'yan kwastan. Na ji ya ce “sur plan” sau ɗaya ko biyu, ban gane ba, kuma kunya ta hana ni ɗaga hannu a cikin masu kwat in ce a fassara mini. Abin da na ɗauka shi ne gini yana tsaye, fenti da 'yan gyare-gyare suka rage.

Da na je wa Mma da maganar, dariya ta fara yi. Ta ce, “Kai da ba ka taɓa sa ƙafarka a ruwan Lome ba? Teku ba ga shi nan a bayanmu kyauta ba, sai ka je wata ƙasa ka saya?” Na ce Mma ba teku za mu saya ba, gida ne ginanne, fili kuwa shekara nawa yana zaune ba mu iya ɗora ko bulo ɗaya ba? Rabi ta ce ita ba ta yarda ba, in je in gani da idona tukuna. Na daka mata tsawa, na ce me ta sani ban da sayar da koko. Allah ya yafe mini wannan maganar. Sai Mma ta tambaye ni abu ɗaya: “Ka ce ginanne ne?” Na ce ginanne ne, har makulli za a ba mu. Ta dangwala yatsa aka sayar da fili, na haɗa da abin da ke shagona na biya.

Ranar da na kawo mata akwatin, wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta zare makullin, ta juya shi, ta nemo baƙin zare ta rataya a wuya tare da layarta. Ta zaga gidan hayar ɗaki ɗaki tana nuna wa mata. Tsohuwar da ke ɗakin kusa da namu, Iya Azumi, har guɗa ta yi mata. Tun daga ranar matan gidan suke tsokanarta da “mai gida a ƙasar waje”, ita kuma tana amsawa.

Ba a daɗe ba na gane kurena. Na kira ofishinsu na ce yaushe haya za ta fara shigowa, wata mata ta ce ai sai an gama gini. Na ce wane gini, ba ga makulli a hannuna ba? Ta yi 'yar dariya irin ta masu ofis, ta ce, “Misiye, ma'anar kalmar ita ce in an gama za a ba ka shi a shirye, ba sai ka sa ko ƙusa ba. Wancan makullin kyauta ce ta tunawa.” Kyauta ta tunawa. Na sayar da filin uwata na karɓo abin tunawa. A ranar ya kamata in je in durƙusa in faɗa mata gaskiya, amma ban yi ba, kuma wannan shi ne laifin da ya fi ci mini rai. Na ce wa kaina ai za su gama, me zai sa in tayar mata da hankali? Sai na fara cire kuɗi daga shago ina kai mata, ina cewa hayar Turawa ce ta iso. Tana karɓa tana sa musu albarka, Turawan da ba su taɓa kwana a ko'ina ba.

Daga nan sai uzuri iri iri. Yau siminti ya yi tsada, gobe gwamnatin can ta tsayar da aiki saboda ginin ya matsa kusa da ruwa, jibi a turo ƙarin kuɗin haɗa wuta. Na tura, don an ce wanda bai tura ba ya rasa wurinsa. Daga baya ofishinsu na Lome ya koma shagon sayar da waya, abokina da ya kai ni kuma ya ce shi ma an cuce shi, in daina kiransa. Aka sa ni a wani zauren WhatsApp na waɗanda suka saya, mutanen ƙasashe daban daban. Wani ɗan Abijan a cikinmu ya gaji ya hau jirgi ya je, ya turo bidiyo. Katangar kwano ce, a ciki ramukan tushe cike da ruwa, ƙarafunan gini sun yi ja da tsatsar gishiri, awaki suna kiwo. Sai wani ya ɗauki hoton makullinsa ya sa, wani ma ya sa, kowa ya sa. Duk haƙoransu iri ɗaya ne. Ni da nake sayar da makullan babur kullum, na san biyu ba sa zama ɗaya, ban taɓa duba na wuyan Mma da kyau ba.

Na je wurin wani lauya a Tokoin, na biya kuɗin ganinsa. Ya karanta takardar ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, alkawari ka saya.” Ya ce “sur plan” ɗin nan ma'anarsa gida a zane, ba a gina shi ba tukuna. Ya ce filin can ma kamfanin ya jinginar wa banki, in an sayar banki ne zai fara ɗauka, mu sai abin da ya rage in ya rage. Ya ce takardar ta ce duk rigima a kotun can za a yi, da harshensu, da lauyansu. Da wane kuɗi? Shagon da nake taƙama da shi yanzu rabin katakon babu kaya. Na ce in sayar wa wani fa? Ya dube ni ya ce wa zan samu, kuma in na samu, na yarda in yi masa abin da aka yi mini?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, magadan mai gidan da muke haya sun sayar da gidan, an ce kowa ya tashi bayan Babbar Sallah. Duk gidan hankali a tashe, mata suna kuka, ana yawon neman ɗaki har Djidjolé. Mutum ɗaya ce hankalinta kwance, Mma. Na ji ta da kunnena tana ce wa Iya Azumi, wadda ba ta da kowa, “Ki daina kuka, mu muna da gida. Ɗaki biyu ne, ki ɗauki ɗaya. A sallami Turawan haka nan, sun ci rabonsu.” Rabi tana wanke-wanke ta ɗago ta zuba mini ido. Na tabbata ta gane, jira take in buɗe baki da kaina. Ina jin haushin mutanen nan, ina jin haushin abokina, amma in na zauna na duba, su ƙarya ɗaya suka yi mini, ni kuwa kowane wata sai na yi wa uwata sabuwa. Kuma tana da hawan jini, ina tsoron abin da maganar za ta yi mata.

Jiya da na shiga gaishe ta kafin in fita shago, ta sa hannu ta cire zaren daga wuyanta, karo na farko tun da ta rataya shi. Ta damƙa mini makullin, da ɗumin jikinta a kai. Ta ce, “Ka riga mu zuwa. Ka buɗe tagogi iska ta shiga, ka sa a share. Ka duba mini inda alƙibla take, don in san inda zan sa gadona.”

Na ce to, Mma.

Makullin yana aljihuna yanzu da nake rubuta wannan. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?