Farfesa da Ƙwayoyin Baba

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya albarkaci aikinku. Mu nan sai godiya. Inna tana nan ƙalau ban da ciwon gwiwar nan tata, Gwaggo kuma ta dawo gidanmu da zama tun da Baba ya kwanta.

Dalilin rubuto miki shi ne, na ji kin kira mijin Auta kina ta yi masa godiya, wai shi ya tsaya a kan jinyar Baba har ya tashi. Da Auta ta gaya mini sai da na ajiye tsintsiyar hannuna na yi dariya. Yaya, ba ki nan, don haka bari in ba ki labarin yadda yake. Kin dai san mutumin, mai gyaran waya ne, amma tun da ya iya karanta takardar cikin kwalin magani muka laƙaba masa Farfesa, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Mura ce ta kama Baba, irin wadda ta zagaye unguwa. Kowa ya warke, shi tari ya ƙi sakinsa. Sati biyar yana tari, in ya ja zarto sau uku a shagonsa sai ya dafa katako yana haki. Da zazzaɓi ya dawo, majinar ta canza launi, na kai shi asibiti. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ta nuna mini wani fari-fari a ƙasan huhun dama. Ta ce murar ta wuce amma ta bar huhun a kumbure, wasu ƙwayoyin cuta kuma sun samu ƙofa sun shiga. Ta rubuta antibayotik na kwana goma, sau uku a rana, ta ja kunnena cewa ko ya ji garau kada a tsaya sai ya ƙare.

Ni ina makaranta da rana, sai Farfesa ya ce in bar masa ba da maganin, tun da shagonsa na kusa. A kwana na huɗu Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari. Shi ke nan, Farfesa ya gyara tabarau ya yi wa Inna lacca, wai maganin ya gama aikinsa, sauran tsotse jini kawai zai yi, wai likitocin yanzu haddar littafi suka yi amma shi bincike yake yi. Ya kwashe kwalin ya sa a aljihu, ya ce kada a gaya mini don ina da taurin kai. Ni kuma kullum in na tambaya sai a ce an sha, laifina ne da ban nemi ganin kwalin ba.

Bayan sati guda, wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a bakin gado, leɓensa ya yi duhu, ko sunana ya kasa ƙarasawa. Kwana uku ya yi a gadon asibiti da robar iska a hanci, ana ba shi wani maganin da ya fi ƙarfi ta jijiya. Ranar da likitar ta tambaye mu wa ya tsayar da maganin farkon, duk muna tsaye. Gwanin namu ya zaro waya ya kara a kunne ya fita yana cewa yana ji, yana ji. Wallahi Yaya wayar nan ba ta yi ƙara ba. Bai sake leƙowa ba sai ranar sallama, da ya zo ya riƙe wa Baba hannu aka ɗauki hoton da ya tura miki.

Yanzu Baba yana gida, tarin ya ragu sosai, yana takawa har ƙofar shago ya tsaya yana kallon katakonsa, don an hana shi shaƙar ƙura tukuna. Ni nake ba shi magani da hannuna, in tsaya har ya haɗiye.

Inna, Gwaggo da Kawu suna gaishe ki. Auta ma tana gaisuwa, kunya ta hana ta kiran ki. Ki gaida mana maigida, ki shafa kan Ƙarami.

In za ki sake yi wa Farfesa godiya, ki haɗa da tambayar lafiyar kajinsa. Jiya Auta ta faɗa mini tana hawaye cewa su ya jiƙa wa sauran ƙwayoyin Baba a ruwan sha, wai ya ga suna atishawa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama