Biyu Na Ba Shi, Ana So In Sa Hannu a Kan Takwas

Anti, ke da masu karanta filin nan, in tambaye ku: wanda ya rubuta "sukari" a gwangwanin gishiri, da baƙon da ya ɗiba ya zuba a shayi, wa za a zaga? Ku taimake ni, abin ya kai ni wuya.

Ni ban gama sakandare ba. A waya na koya wa kaina karatu, da tsofaffin littattafan da mutane ke zubarwa. Mijin yayata, wanda a gidansa nake zaune, shi ya samo mini aiki a kamfanin da yake shugaban masu haɗa manhaja. Muna haɗa wa wani asibitin mata ɗan aike na na'ura, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan: mace ta turo saƙo, shi ya duba mata ranar awo, ya sauya ko ya soke. Kowane abin aiki da aka ba ɗan aiken nan akwai ɗan bayani a jikinsa, layi ɗaya ko biyu, kuma da shi kaɗai yake sanin wanda zai ɗauka. Aikina in karanta bayanan, in gwada, in ba da maki.

To ga bayanin na sokewa, wanda yallaɓai mijin yayata ya rubuta da hannunsa: "Yana ɗauke ranar da aka sa." Shi ke nan fa! Ɗauke ta zuwa ina? Na sauyawa kuma: "Yana gyara rana." Ranar ce ta lalace? Babu inda aka ce in an soke ba ta dawowa, wata ake ba gurbin.

Na zauna na rubuta saƙo arba'in yadda mata ke magana, ba yadda 'yan ofis ke yi ba. A ɗaga mini zuwa jibi. A ɗan matsar mini, yaro ba lafiya. Sau goma sha ɗaya ɗan aiken ya goge ranar ƙaf, ya kuma rufe da addu'ar Allah ya ƙara lafiya. Ladabi kamar me. Wato mace da cikin wata takwas ta sha rana ta zo, ta tarar babu sunanta.

Na ba bayanin biyu cikin goma. A taron safe na karanta layin da ƙarfi, har da ɗan kwaikwayon muryar yallaɓai, aka yi dariya. Washegari na buɗe takardar sakamako na tarar biyun ta yi ƙiba ta zama takwas, an bar mini gurbin sa hannu. Wai ranar Litinin za a miƙa aiki. Wai na'urar ce daƙiƙiya. Wai mai digiri biyu ba zai koyi rubutu wurin ɗan karatun waya ba. Masu dariyar jiya kuwa kowa ya cusa kai a allonsa kamar an yi rasuwa. Tir! A gida yayata sai ta dire mini kwano ta juya, ko kallona ba ta yi.

Na san yana karanta filin nan, a teburinsa nake ganin jaridar. To ya fito nan, gaban jama'a, ya amsa: ɗauke ta zuwa ina?

Mai Biyu Cikin Goma

AMSA

Ƙanena, kada ka sa hannu. Takwas ɗin nan ƙarya ce, kuma wadda za ta biya kuɗinta ba ta cikin ofishinku. A nan kana da gaskiya, kuma dabarar saƙo arba'in da muryar mata ta fi digiri amfani.

Amma filina ba kotu ba ne, ba zan kira surukinka ba. Ka riga ka gurfanar da shi sau ɗaya a taron safe, ka ga abin da aka samu. Mutumin da ya kawo ka aiki ka kwaikwayi muryarsa gaban waɗanda yake shugabanta. Tun daga lokacin ba layinsa yake karewa ba, fuskarsa yake karewa. Shi ma Litinin na kansa, ka tuna.

Sannan duk tsawon wasiƙarka ban ga inda ka rubuta bayanin da ya fi nasa ba. Maki biyu ba ya gyara wa kowace mace rana.

Yau ka zauna ka rubuta. Ka faɗi abin da na sokewa yake yi, ka faɗi cewa ranar da aka soke ba ta dawowa, ka faɗi cewa in mace ta ce a ɗaga ko a matsar, ba shi za a taɓa ba, in kuma maganarta ba ta fito ba a tambaye ta tukuna. Ka sake tura saƙonninka arba'in da sabon bayanin. Ka kai masa sakamakon farko da na yanzu shi kaɗai, ƙofa a rufe, ka fara da ba shi haƙuri kan dariyar. Ka bar shi ya shigar da gyaran da hannunsa. In takwas ta fito da gaskiya, ka sa hannu da murna. In ya ƙi, ka rubuta dalilinka a takardar cikin ladabi, ka bar gurbin fari. Yayarka kuma ka cire ta daga ciki, ba ita ta rubuta layin ba.

Ka koya wa kanka karatu, kuma ka iya. Saura rubutu. Allah ya huci zuciyarka, ya sauke matan nan lafiya.