Bututu Biyu a Gidan Mai Jego

Liman Abaji, Keffi
Talata

Zuwa ga Abban Hauwa'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Abuja, ya zaman gwauro? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. 'Yarka tana sha tana barci. Kowa ya zo barka sai ya ce hancinka ta ɗauko, ni kuwa in ce Allah ya ba ta haƙuri.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Goggo Huraira, wadda Baba ya ɗauko daga Lafiya don ta yi mini wankan jego, a ɗakina take kwana, kuma ko tana minshari kunnenta yana bakin aiki. Ran nan da ka kira na ce maka "ni ma haka", da safe ta tambaye ni, "Ke ma me?" Don haka zan riƙa ba Caroline, 'yar ajinmu, ta miƙa maka idan za ta gida Mararaba.

Ga halin da ake ciki. An kafe ranakun jarrabawa, kuma ta kwas ɗin musayar zafi ta faɗo kafin in yi arba'in. Idan ban zauna ba, sai baɗi, 'yan ajinmu su shiga shekarar ƙarshe su bar ni a baya. Goggo ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida, sanyi zai shige ni. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa sanyi ba ya shiga ko'ina, zafi ne yake fita, daga abu mai ɗumi zuwa wanda bai kai shi ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce madalla, to ba za ta bar shi ya fita ba. Ta ƙara mini kunun kanwa. Baba ya ce shi ba ya shiga maganar mata, wato dai yana tsoron ƙanwarsa.

Safe da yamma take hura itace, hayaƙi yana cin idonta, ta tafasa ruwa, ta faffaɗa mini da ganyen darbejiya har in daina tuna sunana. Sannan a ɗauki bahon, ruwa yana tururi, a juye a rariya. Duk karatun injiniyan da na yi, ban taɓa cin karo da injin da ke ɓarnar zafi kamar matarka ba.

Don Allah kada ka kira ta ka roƙa. Ta riga ta ce 'yan boko biyu a gida ɗaya sun yi yawa.

Ka gaida Hajiya.
Matarka,
Sumayya

Liman Abaji, Keffi
Lahadi

Abban Hauwa'u,

Sallama da fatan alheri. Ina fata ka samu sauƙin murar da ka ce na sa maka don na bar ka ba miya. Mun ga saƙon kaji, Allah ya saka. Goggo ta ce wannan karon ka yi hankali.

Tunda an hana ni zuwa ɗakin gwaji, na kawo shi gida. Na zana abin da nake so a bayan kalanda, Caroline ta kai wa yayanta Ruben, mai walda a Sabon Gari. Bututun jan ƙarfe ne a cikin wani bututu mai faɗi. Ruwan da na yi wanka da shi ya bi ta na ciki, ruwan rijiya ya bi ta na waje, zafi ya ratsa ƙarfen ya ɗumama shi. Ruben ya kawo shi a keke, ya tsaya a zaure yana tambaya da Hausarsa ta Eggon ko nan ne gidan injiniya mai jariri.

Goggo ta zagaya abin sau da yawa. Da ta gane ruwan wanka zai yi tafiya kusa da ruwan da za ta yi alwala da shi, ta yi salati, ta ce ƙazanta dai ko da digiri ƙazanta ce. Na rantse ba sa haɗuwa. Ta ce ita ba ta ganin cikin ƙarfe.

Caroline ce ta fitar da mu. Ta dafa zoɓo, ja wur, ta zuba a bututun ciki da zafinsa, muka tara farin kwano a bakin na waje. Ruwa ya fito fari tas, da ɗumi. Goggo ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, ta ɗanɗana. Sannan ta ce a ba ta zoɓon kada a yi asararsa.

Wani abu ya faru da ni a wurin da nake so in gaya maka, ko da za ka yi hamma. Da farko ta baki ɗaya muke zuba ruwan biyu, suna tafiya tare, sai zafinsu ya daidaita a tsakiya, wannan ya huce, wancan ya yi ɗan ɗumi, shi ke nan. Sai muka juya, mai zafi ya shiga ta nan, mai sanyi ta can, suna wuce juna. Na sa hannu a bakin bututun, na ji bambancin a fatata. Ruwan rijiya duk inda ya matsa yana tarar da wanda ya fi shi zafi, har ya fita. Na haddace wannan tun zangon da ya wuce, na ci maki da shi a gwaji, amma sai ranar nan, da zani ɗaure a ƙirji, na san abin da nake faɗa. Na yi ta dariya ni kaɗai har Goggo ta taɓa goshina.

Maganar fita tana nan inda take.

Taka,
Sumayya

Liman Abaji, Keffi
Alhamis

Abban Hauwa'u,

Ina gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Hauwa'u ta fara murmushi. Goggo ta ce mala'iku ne, ni na san iska ce a ciki, amma na koyi yin shiru.

Ruwan da bututu yake ɗumamawa da safe muna tara shi a duro. Don kada ya huce, na sa aka naɗe duron da buhuna cike da garin katako, aka rufe shi da tsohon bargo. Ba zan yi maka ƙarya ba, itacen da muka rage bai kai yadda na lissafa ba, amma tukunya tana saurin tafasa, idon Goggo ya daina ja.

Shekaranjiya da la'asar ta tsoma hannu a duron ta daɗe ba ta cire ba. Ta tambaye ni wace wuta ce a cikin garin katako. Na ce babu, iska ce maƙale a tsakaninsa, zafi kuwa ba ya iya ratsa iskar da ba ta motsi sai da ƙyar. Sai ta zauna a bakin rijiya ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana da ƙanwa, Amarya ake ce mata, ta haihu da damina, ta fita ɗiban ruwa kafin ta yi arba'in, ta rasu, ba ta ga suna na biyu a gidan ba. Ban san abin da ya kashe ta ba, kuma na tabbata ba sanyi ba ne. Duk kwanakin nan ina gardama da al'ada, ashe da Amarya nake yi.

Jiya da safe, tana cikin faffaɗa mini ganye, ta yanke hukunci. Ta ce idan duro, wanda ba shi da rai ba shi da uwa, zai wuni a tsakar gida da zafinsa, to ni ma zan iya, in dai an naɗe ni yadda ya kamata. Zan je jarrabawa. Da ita za a je.

Na rungume ta da jiƙaƙƙen jiki, ta ce in sake ta, ba a gama ba.

Ka turo Abu direba da mota ranar Litinin. Ka gaya masa ba za a buɗe gilashi ba.

Taka,
Sumayya

Liman Abaji, Keffi
Talata

Abban Hauwa'u,

Gaisuwa da godiya. Ina fata ka kwana lafiya, don ni na yi barcin da ban yi irinsa ba tun da na haihu.

Na zauna jarrabawa. Ga yadda aka kai ni, a tsakiyar watan Maris: zani biyu, rigar sanyinka ta ulu, safa, hular saƙa a ƙarƙashin hijabi, auduga a kunne. Garin katako ne kawai na roƙa aka yafe mini. Da na shiga ɗakin, mai tsaron jarrabawa ya tambayi Caroline ko ina da zazzaɓi, ta ce a'a, an rufe ni ne don kada in huce. Ya sa ni kusa da fanka. Goggo ta leƙo ta taga, ya tashe ni daga kusa da fanka.

Tambayoyin ba su zo da sauƙi ba. Ta injin tururi ta wahalar da ni, na bar rabinta. Sauran kuwa na yi su kamar ina tsakar gidanmu, gumi yana ɗiga a takarda. Can na ji kukan 'yarka daga gindin mangwaro, jikina ya amsa kafin kaina, na gode wa Allah da rigar ulu. Na gama, na miƙa, na fita da gudu gwargwadon abin da mai zani biyu za ta iya.

Na tarar da Goggo a kan tabarma, 'yan ajinmu maza sun kewaye ta, tana raba musu kunun kanwa a murfin fulas, tana koya musu cewa ruwa biyu ba a haɗa musu hanya ɗaya, sai dai su wuce juna. Wani yana rubutawa.

A mota ta tambaye ni saura shekara nawa. Na ce ɗaya, idan na ci. Ta ce ai mun ci. Sannan ta ce ba ta ga wanda zai riƙe yarinya ba idan na koma aji, ba ta yarda da kai ba, ba ta yarda da ni ba, don haka ta fasa komawa Lafiya sai na karɓi takardata.

Saboda haka, Abban Hauwa'u, ka fara neman gida mai ɗaki biyu. Ka kuma saba da karanta wasiƙa.

Matarka mai ƙaunarka,
Sumayya