Takardun Busa Sun Tafi da Dabino

Zuwa ga ƙanena, Kofur Habu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni bisa wahalar da zan ɗora maka. Ina fata kana lafiya, da Inna, da mai ɗakinka da yara, da abokan aikinka 'yan badujala.

Ka roƙe ni in nemo maka takardun busa masu sauƙi waɗanda Amirkawa suka tsara, domin kilarinet, algaitar Turawan nan da za ka busa kai kaɗai a gaban manyanku. Na je Jidda, wani akawun kamfani ya samo mini su, ya kuma tabbatar mini ba za su wahalar da yatsu ba.

Da na dawo, maƙwabcinmu Malam Ɗahiru ya gan su, ya ce, "Alhaji, wane karatu ne wannan?" Kunya ta hana ni faɗin cewa na shigo da kayan busa garin Makka. Na ce, "Takardun banza ne, Malam." Ashe mai ɗakina Hajiya tana ji. Ranar da alhazan Kaduna suka zo sallama ina Harami, sai ta ƙunsa musu dabino da su. Ban iya yi mata faɗa ba, domin maganata ta bi.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a, amma kada ka gaya mata dalili. Ina jiran amsa a rubuce:

Na ɗaya, yaushe ne ranar busar, ko zan samu komawa Jidda?

Na biyu, ka zaga gidajen alhazan a nan wajenku Kaduna, ka tattaro takardun kafin yara su cinye tsaraba. Hajiya ta ce shafin farko yana ƙunshin Alhaji Tanko mahauci.

Yayanka,
Isa